Motar Auwalu ta Dubu Sittin

Tun ba a naɗe tabarmin zaman makokin Auwalu ba ƙanensa Ɗantani ya shigo tsakar gida ya ce a miƙo masa makullin mota. Ni Barakatu maƙwabciyarsu ce a Anka, katanga ɗaya ta raba mu, ina cikin ɗakin lokacin da ya yi sallamar. Abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

Motar Fijo ce doguwa, fara, irin mai layin kujeru uku. Ta tsufa amma ba ta gaji ba. Da ita Auwalu yake lodin fasinja daga Anka zuwa Gummi, ya ratsa ta Bukkuyum in ana kasuwa. Ban da ita bai bar komai ba, don gidan da suke ciki na uwarsu ne, Inna Laraba. Ya bar matarsa Sahura da 'ya'ya mata biyu, Fa'iza da ƙanwarta Ummukulsum mai shekara bakwai, wadda muke kira Ummu.

"Mota in anka aje ta ba a tada ta, lalacewa takai," in ji Ɗantani daga bakin ƙofa. "Za ni riƙa ɗumama ta, don marayu."

Sahura ta shiga takaba, idonta a kumbure, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta zaro makullin daga ƙarƙashin matashi ta ba Fa'iza ta miƙa masa. Har godiya ta yi masa, baiwar Allah.

Ummu kuwa tun kafin rasuwar ubanta ta faɗi a bakin rariya, gwiwarta ta kumbura. Hidimar mutuwa ta sa aka manta da ita. Da hankali ya dawo sai aka ga gwiwar ta yi suntum, tana sheƙi, yarinya ba ta iya taka ƙasa. Tun da uwarta ba ta fita, ni na goya ta zuwa asibiti. Likitan ya latsa wurin, Ummu ta ƙwalla ƙara, ya dube ni ya ce mugunya ce ta taru a ciki, tana neman cin ƙashi. Ya ce a kai ta Sakkwato a yi mata aiki, kuma kada a zauna. Da ya faɗi abin da za a iya kashewa, na san ko Sahura ta sayar da duk kwanonin ɗakinta har da gadon ba za su kai ba.

Sai Allah ya kawo Yahaya, wani direba ɗan Gummi, abokin marigayi a tasha. Ya zo ta'aziyya, ya ji labarin yarinyar, ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce shi ya san ta ciki da waje, in za a sayar ya taya dubu ɗari uku. Maigidana yana wurin. Ya ce Ɗantani ko tunani bai yi ba.

"Albarka," in ji Ɗantani. "Kuma ma ba a taɓa kayan mamaci sai matatai ta hita takaba. Mu ba mu wasa da addini."

Daga baya muka ji daga bakin malamai cewa babu inda aka ce haka. Amma a lokacin wa zai ja da mutumin da ya ambaci addini a gidan mutuwa? Yahaya ya yi addu'a ya koma Gummi.

Ɗumamar da Ɗantani ya ce zai yi wa motar, ashe ta kai har Sunke. Shekarun nan ne haƙar zinariya ta fara haukata mutane, kowa ya jefar da fartanya ya shiga rami. Ɗantani ya kwance kujerun baya ya jingine su a zaure, ya shiga lodin buhunan duwatsu daga ramukan Sunke zuwa wurin masu injin niƙa a Yargalma. Motar da Auwalu yake goge wa ƙura da hularsa, ita ce take shigowa unguwa gindinta yana jan ƙasa, tana hayaƙi. Kullum aljihun Ɗantani yana ƙara nauyi, ya sayi sabuwar waya, ya ɗinka shadda biyu. Gidan marayu kuwa sai ranar da ya ga dama ya aiko da tiyar gero da 'yan canji.

Sahura ta aika aka kira shi. Ta tsaya daga bayan labule.

"Baban Usama, ƙahwar yarinyag ga ta ƙi. In ba a saida motar, to ka ba mu abin da taka samowa mu kai ta Sakkwato."

"Wane samu? Ke kina ɗaki ba ki san komi ba. Mai na ci, 'yan sanda na ci, kanikawa na ci. Wallahi daga aljihuna nika cikawa. Don dai ɗiyan ɗan'uwana na, da na aje ta tuni."

"To ko ka ɗauke mu cikinta ka kai mu."

"Ke da ke takaba? Ki bari in samu sarari."

Sararin bai samu ba. Sahura ta koma ga Inna Laraba, ta durƙusa tana kuka. Tsohuwar tana jan carbi, ta ce ita ba ta ga abin Sakkwato a nan ba.

"Targaɗe na, ko kuma iska ta taɓa ta. Mu da munka yi goyo tara ba mu san asibiti ba. A kira mai ɗori. Kuma ki bar ɗora ma yaron ga nauyi, shi kaɗai yar rage min."

Ai kuwa aka kira mai ɗori. Ya ja ƙafar nan, ya murɗa, ya ɗaure ta da karare da tsumma. Ihun da Ummu ta yi ranar har yau yana cikin kunnena. Bayan 'yan kwanaki aka kwance, wurin ya fashe, yana zubar da ruwa mai wari. Yarinyar da take cika unguwa da surutu ta koma kwance kan tabarma tana kallon rufin ɗaki, Fa'iza tana kore mata ƙuda da mafici. Sahura ta sayar da akuyarta, ta sayar da zannuwanta na aure ɗaya bayan ɗaya, duk suka tafi a allura da ƙwayoyin kemis. Zazzaɓin ya sauka yau, gobe ya dawo. Ni ma na kai abin da zan iya, to amma me mai sayar da ƙuli-ƙuli take da shi?

Na daɗe ina mamakin abin da ya sa mutum zai ƙi dubu ɗari uku, sai da maigidana ya warware mini. Ya ce tun da Auwalu 'ya'ya mata ya bari, in aka kasa kuɗin motar kashi ashirin da huɗu, goma sha shida na yaran ne, uku na Sahura, huɗu na Inna Laraba. Ɗantani kashi ɗaya tak zai samu. Ko nawa aka sayar da ita, shi abin da zai shiga hannunsa bai taka kara ya karya ba. Ribarsa ɗaya ce, motar ta faɗi warwas a idon mutane, ya saye ta da kansa a banza.

Ba a jima ba sai ga motar an jawo ta da igiya, yara suna bin ta. Aka tura ta ƙarƙashin darbejiyar da ke bayan ɗakin Sahura. Ɗantani ya shiga gari yana shelar injin ya buga, har tasha ya je ya faɗa, don labari ya kai Gummi. Ya kuwa kai, Yahaya ya aiko da jaje. Wani bakanike mai suna Sani ya riƙa zuwa kullum yana kwance-kwance a ƙarƙashinta, an baza ƙarafa a kan buhu. Duk wanda ya tsaya tambaya sai Sani ya girgiza kai ya ce yana dai duba ko akwai abin da za a tsira da shi.

Wata Juma'a ina ɗakin Sahura muna wanke wa Ummu ƙafa da ruwan gishiri. Maza duk sun tafi masallaci, unguwa ta yi tsit, ko kukan akuya babu. Sai muka ji an buɗe ƙofar mota a bayan katanga. Aka murɗa makulli. Injin ya tashi bugu ɗaya.

Sahura ta saki tsumman da ke hannunta. Shekara da shekaru da wannan ƙarar take sanin mijinta ya iso, tun yana kan kwana take ɗora ruwan wanka. Ta ce mini tun da aka sayi motar ba ta taɓa jin ta da lafiya kamar yau ba. Babu tari, babu kakkarwa. Aka taka totur sau biyu, aka kashe. Muka ji dariyar mutum biyu, Ɗantani da Sani, sannan ƙarar ƙarafa, ana ta kwance wasu abubuwa da sauri.

Su a lissafinsu gari babu kowa, tun da maza sun tafi salla. Haka mazanmu suke, in ba su ga rawani ko hula ba to wurin babu mutane. Sun manta a bayan kowace katanga akwai mace zaune da kunnuwa biyu. Don wannan aikin suka bar sallar Juma'a ta wuce su.

Da yamma na leƙa. An cire batir, an sa mata wasu suɗaɗɗun tayoyi biyu a sace, an tsiyaya baƙin mai a ƙasa kamar ta yi amai. Na gaya wa maigidana abin da muka ji, ya yi dariya ya ce injin niƙan gidan Alhaji muka ji. Nan na san ko mun fita mun yi kururuwa babu mai saurarenmu.

Daga ranar ban sake ganin hawayen Sahura ba. Ta daina aika wa Ɗantani, ta daina durƙusa wa Inna Laraba, in ya shigo ma har sannu da aiki take yi masa. Ni abin ya ba ni tsoro.

"Sahura, shirun ga naki hwa?"

"Barakatu, kuka na yi shi ya isa. Yanzu so nikai in ga mutumin ga ya ji abin da nij ji. Ko Allah ya hana ni komi, kada shi hana ni wanga."

Ta aika Bukkuyum aka kira wanta Magaji, manomi ne, mutum mai sanyin hali. Suka daɗe a ɗaki. Na ji yana cewa, "In kunnenki ya yi miki ƙarya hwa? Gonata guda ta." Ta ce masa in ƙarya ne ta yarda ta yi masa noma har ta mutu. Ya fito yana share zufa.

Kafin takabar ta cika, ƙafar Ummu ta ƙanƙance daga cinya, gwiwar kuma ta yi baƙi. Ta daina kuka ma, sai nishi.

Ranar rabon gado aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Malam Uba, wanda yake raba gado a unguwarmu, ya zauna a tsakiya, dattawa suka kewaye shi. Mu mata muna daga bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. Al'adar ita ce a yi wa kayan mamaci kuɗi a gaban shaidu, sannan a kasa. Aka fita aka dubo motar, aka dawo, aka ce Sani ya yi bayani tun da shi ne masani.

Sani ya gyara murya. Ya ce inji ya buga, giya ta tafi, sifirin ya karye, in ban da mutunci da sai dai a auna ta a kilo. Ya ce iyakarta dubu sittin. Nan take wani Bala, wanda kowa ya san abokin shan shayin Ɗantani ne, kuma ko keke bai mallaka ba, ya ce shi zai taimaka wa marayu ya saya a hakan.

Malam Uba ya dubi Ɗantani. "Kai ka riƙa ta watannin ga. Abin da Sani yac ce, haka na?"

"Allah gafarta Malam, wallahi tallahi haka na. Injin ga matacce na. In na san wani abu game da motag ga wanda ban hwaɗi ba, kada Allah shi ba ni abin da nika nema."

Har da share ido. Dattawa suka ce Allah sarki, Allah ya saka masa. Malam ya ce to an tsayar da kuɗinta dubu sittin, kowa ya shaida. Ya buɗe baki zai sallama wa Bala, sai muryar Sahura ta fito daga bayan ƙofa, a hankali, babu rawa a cikinta.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya. In anka yi ma kaya kuɗi, magaji na da ikon ɗaukar su a bakin kuɗin, ko sai bare?"

"Ai mai gado ya hi bare cancanta, ɗiyata."

"To ni da ɗiyana mun ɗauka a dubu sittin. Mu biya Inna dubu goma nata, mu biya Baban Usama dubu biyu da ɗari biyat nashi."

Na leƙa ta jikin ƙyaure na ga fuskar Ɗantani ta canza kamar wanda ya taka garwashi.

"Ba ni yarda," in ji shi. "Ni na waliyyinsu. Ba a ɗora ma marayu mushe ina kallo."

Magaji, wan Sahura, ya ce shi ya tsaya musu. In motar ba ta mayar wa yaran dubu arba'in ɗinsu ba, gonarsa ta Bukkuyum tana nan, a sayar a biya su, dattawa su shaida. Malam Uba ya ce magana ta yi kyau.

Ɗantani ya shiga zungurin Bala da gwiwar hannu. Sahura kamar tana ganinsu ta ce, "In Malam Bala na son shi ƙara, shi ƙara. Ko nawa yak kai, marayu za su ci." Bala ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Da me zai ƙara? Kuɗin da ke aljihunsa na Ɗantani ne, kuma dubu sittin ɗin ne cif. Malam ya ce an sallama wa Sahura da 'ya'yanta, aka shafa fatiha. Makullin ma sai da Malam ya miƙa hannu sau biyu kafin ya fito daga aljihun Ɗantani.

Washegari da hantsi Magaji ya dawo da Yahaya daga Gummi, da batir a bayan kabu-kabu da 'yan tarkace a leda. Kafin ka ce me, rabin unguwa ta taru a gindin darbejiya. Yahaya ya buɗe gaban motar, ya daɗe yana kallo, ya shafa gefen injin da yatsa, ya yi murmushi. Ya ɗaura batir, ya mayar da wani ɗan abu da aka zare daga wurin wuta, ya tsiyaya mai a kafireto. Ya murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya.

"Wanga injin ba a daɗe da yi mai aiki ba," in ji Yahaya. "Sabon ringi, sabon gasket. Wanda yay yi shi ya kashe kuɗi."

Ɗantani yana tsaye a bayan mutane. Da ya yi shiru da wataƙila ya tsira da ɗan sauran mutuncinsa. Amma zafin kuɗi ya fi ƙarfinsa, ya kutso yana huci.

"Dubu tamanin nin narka cikin injin ga. Kuɗina na, na gumina. Sai an biya ni."

Malam Uba yana cikin taron. Ya juyo a hankali. "Wane inji, Ɗantani? Wanda kar rantse jiya matacce na?"

Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi. Mutane suka bi shi da ido kawai. Sani tuni ya sulale.

Sahura ta fito da lulluɓinta, karo na farko da ta taka ƙofar gida tun rasuwar mijinta. Yahaya ya ce shi yana nan a kan tayinsa na farko, dubu ɗari uku. Ta ce a'a. Ta ce motar da ya taya a da ba ita ce wannan ba. Ta sa Magaji ya nuna masa sifirin ɗin baya da duwatsu suka karya, da ƙofar but da ake ɗaurewa da igiya, da tsagewar gilashin gaba, da tayoyin nan biyu da ba za su kai Gummi ba. Kujerun baya ma ɓeraye sun ci soson ɗaya.

"Ka cire kuɗin gyaran waɗanga, ka sa ladan sabon inji, ka hwaɗi abin da kag gani tsakaninka da Allah. Ba ni son ɗiyata ta warke da kuɗin da anka rufe ma wani ido."

Yahaya ya sake zagayawa, ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce dubu ɗari biyu da hamsin. Magaji ya ce albarka. Aka ɗan ja, dattawa suka sa baki, aka tsaya a ɗari biyu da saba'in. Sahura ta ce ta sallama, da sharaɗi ɗaya, tafiyar farko Sakkwato za a yi da ita. Kafin azahar an sa tayoyi, an shimfiɗa katifa a baya inda buhunan duwatsu suke zama, aka kwantar da Ummu.

Da a labarin da ake ba yara ne, da a nan zan ce ta warke. Ba ta warke ba. Likitocin Sakkwato suka ce ƙashin ya riga ya ruɓe, da an zo watanni uku da suka wuce da wanke shi kawai za a yi. Suka ce ko ƙafa ko rai. Aka yanke ta daga saman gwiwa. Kuɗin da za su ceci ƙafar, su aka biya aka cire ta.

Sun fi wata a can. Da suka dawo, Sahura ba ta sauka gidan Inna Laraba ba, ɗakina ta sauka kafin Magaji ya gama gyara mata wuri a Bukkuyum. Ta aika wa tsohuwar dubu gomanta. Na Ɗantani kuwa ta riƙe.

Shi kuma duniya ta juya masa baya. Masu ramin Sunke da ya karɓi kuɗinsu da alkawarin lodi suka taso shi gaba, ya sayar da wayar, ya sayar da shaddojin. A masallaci in ya tsaya a sahu sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Amma rashin kunya ba ta ƙare masa ba. Ya turo Inna Laraba wai a yi zumunci, a duba dubu tamanin ɗinsa, ko rabi ne.

"Ɗiyata, jini guda na," in ji tsohuwar. "Abin da yaw wuce ya wuce. Ƙaddara ta, ko an kai ta da wuri abin da Allah ya rubuta sai ya auku. Ki yahe mai."

"Inna, ki ce mai shi zo gobe bayan la'asar, shi amshi haƙƙinai a gaban Malam."

Ya zo da saurinsa, har da sabon aski, yana zaton an sauko. Malam Uba da dattawan da suka shaida rantsuwarsa suna zaune a zauren maigidana. Aka ba shi wuri a can ƙurya, nesa da ƙofar cikin gida. Sahura ce ta ce a ajiye shi nan.

Sai aka ji ƙwas, ƙwas, daga tsakar gida. Ummu ta shigo da sandar da kafinta ya yi mata, ba ta gama iya ta ba tukuna. Zanenta a naɗe a gefe ɗaya inda babu komai. Fa'iza ta yunƙura za ta riƙe ta, uwarta ta kama hannunta ta hana. Wani dattijo ya miƙa hannu zai karɓi saƙon ya isar, Sahura ta ce daga bayan ƙofa, "A bar ta ta kai da kanta."

Zauren namu ba wani babba ba ne, amma ranar ya yi wa kowa tsawo. Yarinyar tana dogarawa, tana tsayawa ta huta, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Sau ɗaya sandar ta zame, ta dafa bango. Ɗantani ya rasa inda zai sa idonsa, ya dubi ƙasa, ya dubi rufi, Malam Uba ya ce masa, "Dube ta." Ta iso gabansa, ta buɗe tafin hannunta, kuɗin sun jiƙe da zufa.

"Bappa, innata ta ce ga gadonka."

Bai miƙa hannu ba. Ta gaji da tsayuwa a ƙafa ɗaya, ta ajiye masa a kan gwiwarsa.

"Ka ƙirga, Baban Usama," in ji Sahura. "Kai kay yanke kuɗin da bakinka, ban rage ma ko sisi ba. Batun yahiya kuwa, ba ni ka ci ma ba balle in yahe. Ga mai ƙahwar nan gabanka. Ka jira ta girma ta san abin da anka yi mata da dalilin da anka yi shi, sannan ka roƙe ta. Ni aikina shi na in tabbata ba ta manta ba."

Ɗantani ya tsura wa kuɗin da ke kan gwiwarsa ido. Ni dai ban ji tausayinsa ba, kuma har gobe ba zan ji ba. Irinsa suna nan a gidaje da yawa, su ne masu kuka da ƙarfi a makabarta, su ne masu karɓar makulli don marayu, kuma kullum akwai tsohuwar da za ta ce ƙaddara ce.

Ummu ta juya sandarta da ƙyar, ta kama hanyar komawa wurin uwarta. Babu wanda ya tashi daga zauren har sai da ta kai ƙofa.